Waya, manhaja da zuciyar ma'aikacin banki: tambayoyi da amsoshi daga rassan Arewacin Kamaru

Na yi shekaru a bayan gilashin gishe, wato tagar karɓa da biyan kuɗi a banki, kafin a mayar da ni ɓangaren horar da ma'aikata, aikin da ya sa na san hanyar Ngaundere zuwa Kusuri kamar hanyar gidanmu. Tambayoyin da ke ƙasa, kan yadda fasaha ke taimaka wa ma'aikacin banki ya sa zuciya a aiki ko ta kashe masa ita, su ne waɗanda suka fi maimaituwa daga bakin shugabannin rassa, masu gishe, masu kula da asusun 'yan kasuwa, da matasan da ke shirin shiga aikin. Wasu na amsa su a gajarce, wasu kuma sai da na zauna a kansu.

Me ake nufi da ma'aikaci ya "sa zuciya a aiki"? Ai duk wanda ake biya albashi yana aiki.

Yana zuwa aiki dai. Ka tsaya a layi ranar da albashin ma'aikatan gwamnati ya sauka, ka dubi masu gishe biyu. Dattijo ya miƙo takardar cire kuɗi, ya sa hannu a inda bai kamata ba saboda ba ya karanta Faransanci. Na farko zai turo masa takardar ta ƙarƙashin gilashi ya ce a koma a cike wata, ya kira na gaba. Na biyu zai ce, "Baba, kawo in nuna maka, nan za ka sa," ko ya faɗa masa da Fulatanci in ya ga shi ya fi ji, kafin minti ɗaya an gama. Albashinsu ɗaya, lokacin zuwansu ɗaya, ba kuma wanda ya karya doka. Na biyun shi ne ake magana a kai.

Masu nazarin aiki sun daɗe suna bin wannan batu. William Kahn, malami a Jami'ar Boston ta Amurka, ya rubuta a 1990 cewa mutum yakan zuba kansa a aiki idan ya ga aikin yana da ma'ana, ya san ba za a hukunta shi don ya buɗe baki ba, kuma yana da sauran ƙarfin jiki da natsuwa. Kamfanin Gallup, wanda ke auna wannan a duniya kowace shekara, ya samu cewa kashi 23 cikin 100 na ma'aikata ne suka sa zuciya a aikinsu a 2023, adadin ya sauka zuwa 21 a 2024. Wato cikin mutum biyar, huɗu suna nan ne da jiki kawai ko ma sun fara neman ƙofa.

Me ya sa batun ya taso wa bankunanmu yanzu?

Aikin gishe ya canja ne ba tare da an yi shela ba. Tun da MTN Mobile Money da Orange Money suka shiga kowane lungu a Kamaru, Airtel Money da Moov Money kuma a Chadi, mai son tura jaka goma gida ba ya taka ƙofar banki. Ƙasashe shida na CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya, sun yi dokar hidimar biyan kuɗi a Disamban 2018, tsarin GIMACPAY kuma ya fara haɗa bankuna da asusun waya a 2020. Abin da ya rage wa reshe shi ne mai wuya: katin da na'ura ta haɗiye, kuɗin da aka cire bai fito ba, gadon mamaci, bashin ɗan kasuwa, takardun fitar da kuɗi waje da BEAC, babban bankin yankin, ta tsaurara. Irin wannan aiki mutumin da zuciyarsa ta mutu ba zai iya shi ba. Kuma wanda ya iya shi, kamfanin waya ko bankin da ke tsallaken titi yana jiran ranar da zai yi fushi.

Sai kuma ciwon da ya keɓanta da mu: nisa. Hedikwatocin bankuna suna Duwala ko Yawunde. Daga Yawunde sai an kwana a jirgin ƙasa kafin a isa Ngaundere, daga nan a kama mota zuwa Garwa, Marwa, har Kusuri a bakin gadar Ngeli da ke kan iyakar Chadi. Ma'aikacin da ke Yagwa ko Mokolo yana iya shekara uku bai taɓa ganin fuskar wanda ke yanke hukunci kan ƙarin girmansa ba. Wasu 'yan Kudu da aka turo suna ɗaukar zaman a matsayin hukunci, suna ƙirga watanni. 'Yan gida kuma suna jin an manta da su. A ganina duk fasahar da za a kawo mana, tambayar farko da za a yi mata ita ce ko ta rage wannan nisa.

Waɗanne kayan aiki ne ake nufi?

Manhajojin hira da taron bidiyo na cikin gida irin su Microsoft Teams. Shafin ma'aikata inda mutum ke neman hutu, ya sauke takardar albashi, ya ga guraben da aka buɗe. Darussa ta waya. Gajerun tambayoyin jin ra'ayi. Allon da ke nuna wa kowa inda ya kwana a ma'aunin aikinsa. Hanyar yabawa da ba da lada.

Masu tallar waɗannan kaya ba su cika ambaton wanda ya fi su duka ba, wato babbar manhajar da banki ke gudana a kanta, ko Amplitude ce, ko Flexcube, ko Finacle, tare da kwamfutar da ke gaban mai gishe. Wanda ya wuni yana jiran shafi ya buɗe alhali layi ya kai ƙofa, kar ka je masa da manhajar aika tauraron yabo.

Bankinmu ba shi da kasafin kuɗi mai yawa. Daga ina za mu fara?

Daga cire ƙaya. Ku tara ma'aikatan reshe, ba tare da babban baƙo daga hedikwata ba, ku tambaye su abubuwa uku da suka fi cin lokacinsu a banza. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A duk inda na yi wannan tambaya, amsoshin ba su da nisa da juna.

Na farko rufe kes da yamma, wato daidaita lissafin kuɗin gishe. An rufe ƙofa tun ƙarfe uku da rabi ko huɗu, amma mutane suna ciki har bayan magariba suna neman bambancin sefa dubu biyu tsakanin abin da ke aljihun tebur da abin da ke kwamfuta, suna juya takardu ɗaya bayan ɗaya. Na'urar ƙirga mai kyau, da rahoton da mai gishe zai iya dubawa da tsakar rana ya kama kuskure tun yana ɗanye, suna mayar wa mutum awa guda ta rayuwarsa kowace rana.

Na biyu neman izini. Mai kula da asusu ya karɓi takardun wani mai safarar albasa da ke son bashi kafin kaka ta wuce, ya tura sama, shiru. Kullum Alhaji yana zuwa: "Ɗana, yaya maganarmu?" Shi kuma ba shi da amsa sai "Alhaji, ana kai." Bai san teburin da takardar ta kwanta ba. Tsarin da ke nuna wa ma'aikaci cewa fayil ɗin yana hannun wane sashe, tun yaushe, kuma me ya rage, yana cire masa kunyar yin ƙarya ga mutumin da suke sallah a masallaci ɗaya. Wannan kunya tana kashe zuciya fiye da yadda na sama suke zato.

Na uku al'amuran ma'aikacin kansa. Ni da kaina na taɓa rubuta takardar neman hutu wata biyu kafin bikin ƙanwata, aka sa ta a jakar wasiƙu zuwa hedikwata, ta ɓace a hanya ko a kan wani tebur. Amsa ta iso bayan amarya ta tare. Ba wanda ya yi nufin cuta ta, amma na fi wata shida ina aiki kamar wanda aka ɗaure. Yau wannan abu ne na danna waya sau uku, shugaba ya amince daga inda yake. Haka takardar albashi, shaidar aiki, bayanin abin da aka zuba maka a CNPS, asusun fansho da inshorar ma'aikata, da sabunta kalmar sirri idan ta kulle, wadda a wasu wurare har yanzu sai an wuni ana kiran Duwala.

Ba ɗaya daga cikin waɗannan da za a yi wa bikin ƙaddamarwa da riguna masu tambari. Su ne dai suke aiki.

Ga matsalar wuta da rezo, wato layin sadarwar intanet. Ba mafarki ake yi ba kuwa?

Tambaya ce ta gaskiya. Wutar jihohin Arewa uku ta daɗe tana dogara da madatsar ruwa ta Lagdo a kan kogin Binuwai, mai ƙarfin megawat 72, wadda aka kammala a farkon shekarun 1980, kuma layin Arewa daban yake da na Kudu. Idan ruwa ya ja baya a rani, kowa ya san abin da ke biyowa. Tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar, da aka ƙaddamar a 2023, sun rage zafin abin, ba su kashe shi ba. A watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, janareta na kuka, na'urar sanyaya ɗaki ta gaji, sai kuma a ce "babu rezo". Kalmar nan mai gishe ne ke faɗinta da bakinsa, shi ke shan harara, alhali ba shi ya tsinke wayar ba.

Saboda haka duk abin da za a saya a gwada shi a Kusuri kafin a gwada shi a Bonanjo, unguwar manyan ofisoshi a Duwala. Ya zama mara nauyi, yana buɗewa a ƙaramar waya. Darasi ya sauku sau ɗaya a kalle shi ba tare da intanet ba. Reshe ya kasance da layi biyu na kamfanoni daban. Idan banki na son a yi amfani da wayar ma'aikaci, banki ya sayi data. Abu mafi muhimmanci kuma, awannin da rezo ya ɗauke a cire su daga lissafin ƙoƙarin mutum. Na ga rahoton da ya sa wata mai gishe a ƙasan jeri saboda "jinkirin sallamar abokan hulɗa" a makon da reshensu ya yi kwana uku rezo na zuwa yana komawa. Ba ta ce komai ba. Bayan wata huɗu ta ajiye aiki.

'Yan'uwanmu na Chadi suna da wani darasi na daban. Daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019 an toshe WhatsApp da Facebook a ƙasar, wata 16 cur. Duk ofishin da ya ɗora sadarwarsa a kan manhajar da ba tasa ba ya ji a jikinsa.

To ai muna da rukunin WhatsApp na reshe. Bai isa ba?

Don sanar da haihuwa, rasuwa, adashe da gaisuwar Sallah, ya isa har ya yi yawa, kuma kada wani shugaba ya hana shi, don nan ne zumunci yake. Don aikin banki kuwa, akwai haɗari biyu.

Na farko sirri. Hoton katin shaidar abokin hulɗa, lambar asusunsa, ragowar kuɗinsa, duk suna yawo a wayoyin da yara ke wasa da su a gida, kuma suna nan a wayar wanda ya bar aiki bara. Kamaru ta sabunta dokar sirrin banki a Afrilun 2022, ta kuma yi dokar kare bayanan mutane a Disamban 2024. Chadi tana da tata dokar kare bayanai tun 2015. A Amurka hukumomi sun ci bankin JPMorgan tarar dala miliyan 200 a Disamban 2021 saboda ma'aikatansa suna maganar aiki ta WhatsApp da saƙonnin wayoyinsu ba tare da an adana ba, a shekarar da ta biyo kuma wasu manyan bankunan suka biya fiye da dala biliyan ɗaya kan laifi iri ɗaya.

Na biyu shi ya fi shafar batunmu. Rukunin yakan zama igiyar da shugaba ke jan mutane da ita har cikin ɗakin kwanansu. Ƙarfe goma na dare: "Kowa ya turo alƙalumansa na yau." Ranar Lahadi: "Na ga kun karanta, ba wanda ya amsa." Dokar ƙwadago ta Kamaru ta 1992 ta sa awa 40 a mako, ba ta ce waya ta ƙara wasu ba. Faransa, wadda muke kwaikwayon tsarin ofisoshinta a abubuwa da yawa, ta fara aiki da haƙƙin kashe waya bayan tashi daga aiki a Janairun 2017. Ba sai mun jira doka ba. Shugaban reshe yana iya cewa daga sallar isha'i zuwa safiya babu saƙon aiki sai in gobara ce ko fashi, ya kuma fara da kansa. Manhajojin aiki suna da wurin da za ka rubuta saƙo da dare ka sa shi ya tafi da safe.

Muna son sa allon gasa, a ga wanda ya fi buɗe asusu da sayar da kati, a ba shi maki da kyauta. Yana aiki?

Yana aiki, abin tsoron ke nan. Mutane za su ba ka daidai abin da kake ƙirgawa, ko ta wace hanya.

Labarin bankin Wells Fargo na Amurka ya kamata kowane daraktan kasuwanci ya haddace shi. An ɗora wa ma'aikata adadin asusu da katunan da dole su sayar, ana bin su da alƙaluma kullum. Suka shiga buɗe asusu da sunan mutane ba da saninsu ba. A Satumban 2016 aka ci bankin tarar dala miliyan 185, aka kuma bayyana cewa an kori ma'aikata kusan 5,300. Daga baya adadin asusun da ake zargi ya kai miliyan 3.5, a 2020 bankin ya amince ya biya dala biliyan 3. An je neman gira an rasa ido.

Namu bai kai can ba, amma duk wanda ya yi aikin reshe ya san ƙaramin samfurinsa. Ƙarshen wata ya matso, adadi bai cika ba, sai a kira ƙanne da 'yan unguwa a buɗe musu asusun da ba za a sake taɓawa ba. Allo ya yi kore, banki ya tara matattun asusu.

Idan za a yi gasa, a yi ta da hankali. A ƙirga asusun da ke motsi bayan wata shida, ba wanda aka buɗe jiya ba. A sa ƙorafin da aka warware da kuskuren da aka kama cikin lissafi. A gwada reshe da abin da shi kansa ya yi bara, don haɗa Mokolo da Akwa ta Duwala a jeri ɗaya zalunci ne da aka yi wa ado da launi. A lura da yanayi: garin da kuɗinsa ke bin kakar auduga da biyan kamfanin auduga na Sodecoton ba zai yi tafiya ɗaya da garin 'yan albashi ba. A fifita ladan reshe gaba ɗaya a kan na mutum ɗaya, don mai buɗe asusu bai isa ya yi komai ba sai da na bayan ofis wanda ba a ganin sunansa a allo. Kuma kada a taɓa bayyana sunayen na ƙarshe. A wurinmu mutum yana iya yafe maka rage masa alawus, da wuya ya yafe tozarta shi a gaban ƙannensa.

Ba leƙen asirin ma'aikata ake so a yi da sunan kula da su ba?

Wani lokaci haka ne, kuma ma'aikata suna ganewa tun kafin a gama bayani. Sai dai a raba abu biyu. Banki wuri ne na amanar dukiyar jama'a. Duk wanda ya taɓa asusu dole sawunsa ya fito, kamara dole ta kalli kes, COBAC, hukumar da ke sa ido kan bankunan yankin, ma tana buƙatar tsarin binciken cikin gida. Ma'aikacin kirki yana son wannan, don shi ne shaidarsa ranar da kuɗi suka ɓace.

Abin da ke kashe zuciya shi ne ƙirga mintin da mutum ya yi a banɗaki ko a kan sallaya. Bankin Barclays na Ingila ya gwada manhajar da ke auna lokacin da ma'aikaci ya bar teburinsa, ya janye ta a Fabrairun 2020 bayan ma'aikata sun yi ca. A ƙarshen shekarar Microsoft ma ta cire sunayen mutane daga ma'aunin ƙwazon da ta ƙirƙiro, saboda suka iri ɗaya. Ƙa'idar da nake bayarwa mai sauƙi ce: a faɗa wa ma'aikata a rubuce abin da ake tarawa a kansu, wa ke gani, da tsawon lokacin da za a ajiye shi, kuma kowa ya iya ganin nasa. Wakilan ma'aikata, waɗanda doka ta wajabta a duk ma'aikatar da ta kai mutum 20, a zauna da su kafin a kunna na'ura.

Mun tura tambayoyin jin ra'ayi ta waya, kowa ya ce komai lafiya. Sai ga mutum uku sun tafi.

Reshenku mutum nawa ne? Idan tara ne, kuma takardar ta tambayi jinsi, shekaru da muƙami kafin ta ce "ba za a san sunanka ba", to kowa ya san ƙarya ce. Mace ɗaya ce a sashen bashi. Ga kuma tarbiyyarmu: an koya mana kada mu kushe babba, ko da a ɓoye ne, "lafiya lau" kuma ita ce amsar mara lafiya ma.

A haɗa amsoshin rassa da yawa kafin a nuna wa kowa. A rage tambayoyin zuwa biyar ko shida. A daina tambayar "Kana jin daɗin aikinka?", a tambayi abin da ake iya taɓawa: sau nawa ka bar ofis bayan magariba a makon nan, wane aiki ka yi sau biyu saboda na'ura, yaushe rabon da wani ya zauna da kai kan makomarka. Bayan haka, cikin wata guda, a dawo a ce ga abin da kuka faɗa, ga ɗaya da muka gyara, ga wanda ba za mu iya ba da dalilinsa. Idan ba za a yi wannan na ƙarshe ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Darussa ta waya suna maye gurbin horon da ake zuwa Duwala?

A nan ne fasaha ta fi yi mana adalci. Da, idan kujera goma ce a horo, takwas na rassan da ke kusa da hedikwata ne, don kuɗin jirgi da masauki na mutum ɗaya daga Marwa ya isa a horar da huɗu a can. Yanzu darasi ɗaya yana isa ko'ina a rana ɗaya.

Sai dai yawancin darussan da na gani shafuka ne masu yawa da ake danna "gaba, gaba" har a kai ƙarshe. Mai amfani gajere ne, minti goma, a kan abin da mutum zai tarar gobe da safe. Yadda za ka bayyana wa Hajiya mai sayar da atamfa bambancin murabaha, inda banki ke sayo kaya ya sayar mata da ribar da aka amince a kai, da bashi mai ruwa, yanzu da CEMAC ta yi dokar harkar kuɗi ta Musulunci a 2022 kuma bankuna irin su Afriland First Bank suna da sashenta. Yadda za ka faɗi wannan da Fulatanci, Hausa ko Larabcin Shuwa, don takardar Faransanci ce amma cinikin ba da shi ake yi ba. Ma'aikatan reshe da kansu za su iya ɗaukar irin wannan bayani da murya, kuma wanda aka ce ya koyar da 'yan'uwansa ya san an san da shi.

Haka batun tsaro. A 2022 kamfanin Group-IB da sashen tsaron Orange sun fallasa wani gungun ɓarayin intanet masu jin Faransanci da aka laƙaba wa OPERA1ER, waɗanda suka sace aƙalla dala miliyan 11 daga bankuna da kamfanonin waya, akasari a Afirka, har da Kamaru. Ƙofar shigarsu saƙon imel ne na yaudara da ma'aikaci ke buɗewa. Wanda ya gaji, ya ƙosa, ba ya jin bankin nasa ne, shi ne zai danna ba tare da ya duba ba. Wanda kuma yake tsoron shugabansa zai danna ya yi shiru.

Sharaɗi biyu: a yi darasin cikin lokacin aiki, kuma a ga tasirinsa ranar ƙarin girma. Guraben aiki ma a buɗe su a shafin da na Kusuri zai gani a ranar da na hedikwata ya gani, ba bayan an riga an yi alkawari a farfajiya ba. Tafiya Duwala kuma kada a soke ta gaba ɗaya. Zuwa da kai ya fi aike, kuma a teburin cin abinci ake sanin mutanen da za ka kira ranar da fayil ya maƙale.

Dattawan ma'aikata ba sa son sababbin manhajoji. Yaya za a yi da su?

Yawancinsu ba manhajar suke ƙi ba, ƙin a ga gazawarsu a gaban yaran da suka koya wa riƙe kuɗi suke yi. A koya musu a keɓe. A haɗa kowane dattijo da matashi ɗaya, wannan ya nuna masa allo, shi kuma ya nuna masa wane ɗan kasuwa ne maganarsa ta fi takarda, wane ne kuma takardarsa ta fi shi kyau. Wannan ilimi babu shi a kowace kwamfuta.

Mata ma'aikata fa, da lokutan sallah da azumi?

Jadawalin da kowa ke gani a waya, wanda mutum biyu za su iya musayar lokaci shugaba ya amince nan take, yana kashe rigima mai yawa. Juma'a ranar aiki ce a Kamaru, don haka a tsara tun farkon wata wa zai riƙe gishe lokacin masallaci, a rama wa abokan aiki Kirista a lokacin bukukuwansu. Dokar ƙwadago ta ba mai haihuwa hutun mako 14, da awa ɗaya ta shayarwa kowace rana har jariri ya kai wata 15. Idan wannan awa tana cikin jadawali a rubuce, ba sai mace ta je tana roƙon abin da yake haƙƙinta ba kowace safiya. Allon ƙoƙari ma ya san da ita.

Gaskiya, ba waɗannan na'urori ne za su ƙwace aikinmu ba?

Wasu ayyukan za su tafi, ba zan ɓoye muku ba. Ƙirga kuɗi, shigar da bayanai, amsa "nawa ya rage a asusuna", duk na'ura ta fara ɗauka, ƙirƙirarriyar basira kuma za ta ƙara. Abin da ya rage shi ne zama da mutum, gane gaskiyarsa, da warware abin da ya cuɗe, a yankin da mutane da yawa ba su taɓa mallakar asusun banki ba kuma sai sun yarda da fuska kafin su yarda da gini. Bankin da ke son ma'aikata su karɓi sabon tsari ya faɗa musu tun farko wane aiki zai ragu, su wa abin zai shafa, da horon da aka tanadar musu. In an yi shiru jita-jita za ta cike gurbin, kuma a lokutan da banki ke canja hannu, kamar yadda rukunin bankin Coris ya karɓi reshen Société Générale na Chadi, ma'aikaci ya fi bukatar jin magana daga bakin shugabanninsa kafin ya gan ta a Facebook.

Ni shugaban reshe ne. Ba ni ke sayen manhaja ba, ba ni ke yanka albashi ba. Me ya rage mini?

Ranka ya daɗe, kaso mafi girma. Binciken Gallup ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin wata tawaga da wata a wannan fanni yana komawa ga shugaban da ke kansu kai tsaye. Manhaja ɗaya ce a duk rassan bankinku, amma wani reshe ana neman a koma cikinsa, wani ana neman a fita.

Alamomin suna hannunka ba tare da an sayi komai ba: ƙarfe nawa ake kashe fitilar reshe, mutum nawa suka nemi canjin wuri a bana, sau nawa ake kawo takardar asibiti ranar Litinin, da kuma ko akwai wanda ya taɓa zuwa da kansa ya ce "Shef, na yi kuskure" kafin bincike ya gano. Wannan na ƙarshe in babu shi, tsoro ne ke riƙe da reshenka.

Ka fara rubuta awannin da rezo ya ɗauke, da ranaku, ka riƙa tura wa hedikwata tare da alƙaluman wata, don a karanta su tare. Idan mai gishe ta kama takardar bogi, ka rubuta wa daraktan yanki da sunanta, ka sa ta a kwafi ta gani da idonta. Ka sa mai gadi, direba da mai shara cikin sanarwar reshe ko da kamfanin haya ne ya kawo su, don su abokin hulɗa ke fara gani. Ranar biyan albashi kuma, lokacin da layi ya fita har bakin titi, ka rufe kwamfutarka ka fito zaure, ka karɓi masu ƙorafin kati da kanka har zuwa azahar.